Zauren Inna Nas: "Ragwanci Ne Ko Ciwo?"

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duk a kan damuwa suke. Na zaɓi uku. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye, na kuma sauya duk abin da zai sa a gane mai wasiƙa a unguwarsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. Ni saurayi ne, shekarata 29. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba. Yayanmu ya ba ni jari na buɗe shagon POS. Bara aka yi min alat na bogi har sau biyu, jarin ya karye, na rufe shagon. Yau wata bakwai ke nan ban gane kaina ba. Barci ba ya ɗaukata sai an kusa kiran assalatu, daga nan kuma sai azahar. Abinci sai Hajiya ta yi faɗa nake ci. Na daina zuwa ƙwallo, na daina zuwa majalisa, waya in ta yi ƙara gabana faɗuwa yake yi. Wanka ma sai na yi da gaske. Baba ya ce ragwanci ne da mutuwar zuciya. Wata gwaggona ta ce hannu aka sa min, an karɓo min rubutu na sha. Wani abokina kuma yana ba ni wata ƙwaya ta barci. Inna, ba ni da kuɗin ganin likita. Akwai abin da zan iya yi wa kaina? Ɗanki, daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Rago ba ya zama ya rubuto wasiƙa yana neman hanyar tashi. Rago daɗin kwanciyarsa yake ji. Kai kuwa kana kwance ne kana cin kanka, kana jin hayaniyar masu wucewa kasuwa kamar da kai suke. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin jinya, fiye da rabinsu a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma abubuwan da ka lissafa su ne muke tambaya ɗaya bayan ɗaya idan an kawo mana mutum: ƙuncin zuciya kusan kullum, fitar sha'awar abin da aka saba so, rikicewar barci da ci, mutuwar jiki, rashin tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba. Idan waɗannan suka taru suka wuce mako biyu har suka hana mutum harkarsa, sunan abin ciwon damuwa. Ba zan yanke maka hukunci ta takarda ba, sai an gan ka ido da ido, amma alamun sun yi kama ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo a duniya sun kai miliyan 280 a 2019, wato sun fi mutanen Najeriya kaf yawa.

Akwai tambayar da ba ka taɓo ba, ni kuwa ba na tsallake ta. Shin zuciyarka tana raya maka gara ka mutu, ko ka yi wa kanka wani abu? Mutanenmu suna tsoron wannan tambaya, gani suke kamar tuna wa mutum abin da ya manta ne. A shekarun da na yi ina yin ta, abin da nake gani a fuskar wanda aka tambaya shi ne ajiyar zuciya. Idan amsarka e ce, ajiye mujallar nan, ka gaya wa Hajiya ko Yaya yau ɗin nan, su raka ka asibiti, ko da sashen gaggawa ne. A kwashe maganin ƙwari da tarkacen ƙwayoyi daga inda hannunka zai kai, kada kuma ka kwana kai kaɗai. Wanda ya kai wannan matakin ya wuce a ce ya taimaki kansa da kansa.

In kuwa ba ta kai nan ba, gyara zama mu yi magana. Ciwon nan ɗan dabara ne. Da farko ya zare maka sha'awa, sai ka daina zuwa fili. Da ka daina zuwa fili, ka rasa gumin da ke kawo barci, ka rasa tsokanar abokai, ka rasa dalilin yin wanka. Wuni ya zama fanko, tunani ya sami ɗaki ya baje kayansa. Washegari jikin ya ƙara nauyi, ka ce bari sai na ji dama-dama in fita. Nan tarkon yake. Mai zazzaɓi yakan jira ya warke sannan ya fita, kuma ya yi daidai. Mai ciwon damuwa in ya ce sai sha'awa ta dawo, zai daɗe yana jira, domin a wannan ciwon ƙafa ce ke yin gaba, zuciya ta biyo daga baya tana turjiya kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa.

Masana sun mayar da wannan hanyar magani mai zaman kanta: a tsara wa mutum ƙananan ayyuka, ya yi su ko yana so ko ba ya so. A Ingila an yi babban gwaji a kanta, sakamakon ya fito a 2016, aka ga ta yi aiki daidai da jinyar hira da manyan ƙwararru ke yi, alhali ƙananan ma'aikata ne suka koyar da ita. Ni dai ba a takarda na fara yarda da ita ba.

Shekarar da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, na yi takaba wata huɗu da kwana goma kamar kowace mace. 'Yan gaisuwa suka watse, takaba ta ƙare, ni kuwa ban fita ba. Ni da nake koya wa ɗaliban jinya alamun ciwon nan, sai ga ni kwance a tabarma, labule a sake, zani ɗaya kwana uku. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, ita ma yanzu ta riga mu gidan gaskiya. Wata safiya ta yi sallama, ba ta jira amsa ba ta ɗaga labule, ta dire min faifai da kwanon wake. Ta ce, "Nas, idona ya mutu, tsakuwa na neman karya wa mutane haƙori. Tsince min, zan dawo kafin azahar." Ba ta ce min sannu ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta saki labule ta fice.

Na daɗe ina kallon faifan nan ina jin haushinta. Kunya ce ta sa na jawo shi. Aikin minti ashirin ya ci min awa biyu, kuma ban ji komai ba, ko ɗigon daɗi. Washegari ta sake kawowa. Rana ta uku ta ce ɗakin ya yi duhu, ba zan ga tsakuwa ba, in fito tsakar gida. A mako na biyu na lura na fara yin wanka kafin ta zo, don kada ta same ni a haka. A na uku ta ce gwiwarta ta tashi, ni zan riƙa kai mata waken. Gida uku ne tsakaninmu, amma ranar farko sai da na tsaya a soro na daɗe kafin na iya sa ƙafa a waje. Sai can daga baya na tuna tana da jikoki 'yan mata har uku da suka saba yi mata tsintar nan. Ba zan ɓoye maka ba, na je wurin wani likita abokin aikina, na sha magani na wata tara. Amma faifan wake ne ya kai ni ƙofar likitan.

To kai ma nemi faifanka. Sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare. Kowane dare ka rubuta abu uku da za ka yi gobe, da lokacin kowanne: ɗaya na dole, ɗaya wanda a da kake jin daɗinsa, ɗaya wanda zai haɗa ka da mutum. Sharaɗin shi ne su yi ƙanƙanta har ka ji kunyar rubuta su. Kada ka rubuta "zan nemi aiki", wannan dutse ne, ba ka ɗaga shi yanzu. Rubuta "ƙarfe goma, wanka", "bayan la'asar, zama a bakin fili minti goma sha biyar", "bayan magariba, sayo wa Hajiya kayan miya". Ban ce ka buga ƙwallo ba, je ka zauna a benci ka kalla. In ka yi, sa alama, ka kuma ba ranar maki daga sifili zuwa goma. Amfanin makin shi ne ciwon nan maƙaryaci ne, zai rantse maka duk ranakun ɗaya suke. Littafin ne zai nuna maka Talatar da ka fita ta sami huɗu, Larabar da ka wuni a ɗaki ta sami biyu. Ranar da ka kasa, kada ka yaga shafin. Rage girman aikin ka ci gaba.

Barcinka ya juye, kuma ta wajen tashi ake kama shi. Ba ka da ikon tilasta wa idonka rufewa ƙarfe goma na dare, amma kana da ikon sauko da ƙafarka daga katifa. Tunda yanzu sai azahar, fara da ƙarfe goma na safe, kullum, har Asabar da Lahadi. Bayan kwana huɗu ko biyar ka dawo da shi tara, haka a hankali har ka kai inda kake so. Da ka tashi fita waje hasken safe ya bugi idonka, shi ne ke saita agogon jiki. Kwanakin farko za ka sha wuya, za ka yi ta hamma. Daure, kada barcin rana ya wuce rabin awa. Shayi mai kauri, Nescafé, goro da lemon ƙarin kuzari, duk a tsaya da su daga azahar. Waya kuwa, na san ita ce abokiyar hirarka ta tsakar dare, kana kallon hotunan abokan karatunka a ofis da wuraren ɗaurin aure kana auna kanka da su. Ƙarfe goma ka miƙa wa Hajiya ta ajiye, ko ka bar ta a caji a falo.

Sai tafiya. Abin da ake so ga baligi shi ne minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da zai sa ka ɗan yi haki amma ka iya magana. Kai fara da minti goma. Dabarar da nake ba samari ita ce a sallar la'asar su bar masallacin ƙofar gida su tafi na gaba da shi. Ka sami jam'i, ka sami tafiya, ka sami wanda zai miƙo hannu ya ce maka kwana biyu.

Saura saƙa da warwara. A Zimbabuwe, masu jin harshen Shona suna kiran ciwon nan kufungisisa, ma'anarsa yawan tunani, daidai yadda mu ma muke faɗa. Wani likitan ƙwaƙwalwa na can, Dixon Chibanda, ya ga likitoci ba za su taɓa wadatarwa ba, sai ya horar da tsofaffin mata, aka kafa musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare tun wajen 2006. Mai damuwa ya zo ya zauna da kaka, su yi zama kamar shida. Abin da suke yi a bencin za ka iya yin sa a littafinka. A zazzage matsalolin duka a rubuce, a zaɓi ɗaya tak wadda hannu zai iya kaiwa, a jero duk hanyoyin da suka zo rai har da na shirme, a ɗauki guda, a sa mata rana. Tunanin da ke farawa da "me ya sa sai ni" niƙa ne babu gari, kana iya kwana a kansa. Duk sanda ka kama kanka a ciki, juya shi ya koma "yaya zan yi", in kuma dare ne, rubuta shi ka ce masa sai da safe.

Da ni ce kai, da kuɗin Yaya zan fara. Ka ce gabanka na faɗuwa in waya ta yi ƙara, ina zargin kiransa kake tsoro. Wata bakwai kana yanke wa kanka hukunci a madadinsa. Je ka same shi da lissafin abin da ya shiga da abin da ya salwanta a rubuce, ka ce masa, "Yaya, ga yadda aka yi, kunyarka ce ta hana ni zuwa." Wataƙila ya yi faɗa. Faɗan awa ɗaya ya fi maka wannan zaman sauƙi.

Ƙwayar abokinka ita ta fi tayar min da hankali a wasiƙarka. Waɗanda ke yawo a hannun samari na san su: dayazifam da ake ce wa D5 da 'yan'uwanta, tiramadol, da kodin ɗin da gwamnati ta hana a maganin tari tun 2018. Barcin aro suke bayarwa, su karɓa da riba. Jiki ya saba, a ƙara yawa, damuwar ta ninka, a wayi gari ciwo biyu ake jinya. In kwana kaɗan ka yi kana sha, bari haka nan. In ka yi makonni kana sha kullum, kada ka yanke rana ɗaya, domin irin su D5 yankewar gaggawa tana iya kawo jijjiga. Ɗauki kwalin ka nuna wa likita ya rage maka sannu a hankali.

Ka ga mun iso ga likitan da ka ce ba ka da kuɗinsa. Wata bakwai ya isa, ɗana. Ka yi duk abin da na faɗa, ka kuma je. Ba sai asibitin kuɗi ba. Yanki kati a babban asibitin gwamnati mafi kusa, ka gaya wa likita abin da ka gaya min. Kada ka tsaya a "ciwon kai da kasala", in ka faɗi haka maganin maleriya za ka dawo da shi. Roƙi a duba jininka, domin ƙarancin jini, ciwon suga da raunin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod duk suna kwaikwayon wannan ciwo. Magungunan da aka fi bayarwa, irin su amitiriptilin da fulokzetin, tsofaffi ne, ba sa cikin masu tsada. A Kano akwai asibitin Dawanau, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Mutanen Kaduna suna da Barnawa, na Sakkwato suna da Kware, na Borno suna da nasu a Maiduguri. Kuɗin kati da na mota, gaya wa Hajiya gaskiya. Uwar da ke faɗa don ka ci abinci za ta san yadda ta yi.

Baba kuwa kada ka ja da shi. A zamaninsu ciwon ba shi da suna, kuma sau da yawa tsoro ne ke fita daga bakin uba da siffar faɗa. Bari ya fara ganinka a waje da safe, bakinsa zai sauya. Addu'a kuma ka riƙe ta hannu biyu. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, babu wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Akwai addu'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yawan yi, yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Duba yadda aka jero su, kowanne da sunansa, har da bashin da ke hana ka barci. Roƙi limaminku ya rubuta maka lafazinta a shafin farko na littafin nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce hannu aka sa maka, a naɗe hannu ana jiran mai karyawa, ana zuba kuɗin da ya isa kati da magani. Ka sake rubuto min bayan wata guda, ka faɗa min makin da ranakunka ke samu.

TAMBAYA: Inna, barka da aiki. Na haihu wata biyu da suka wuce, haihuwar fari, namiji, lafiya lau. Kowa murna yake, ni kuwa banɗaki nake shiga in yi kuka. In na kalli yaron ba na jin abin da ake cewa uwa na ji, sai tsoro da gajiya. Ko ya yi barci ni ba na iyawa. Na gaya wa uwar mijina, ta ce rashin godiyar Allah ne, wasu shekara goma suke nema ba su samu ba. Tun daga nan na ja bakina na yi shiru. Ina shayarwa, ina tsoron magani. Ni muguwar uwa ce? 'Yarki, daga Maraɗi.

AMSA: A'a, 'yata. Kin ji amsar a taƙaice, sauran bayani ne. Masu jego da yawa sukan yi 'yan kwanaki na saurin kuka a makon farko, ya wuce da kansa kafin mako biyu. Naki ya kai wata biyu, ya shiga layin ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ke samun fiye da mace ɗaya cikin goma. Sinadaran jiki da suka hau lokacin ciki sun faɗo lokaci guda, kin zubar da jini, barcinki ya zama guntu-guntu. Son ɗa kuwa ba kowace uwa yake zo wa a ɗakin haihuwa ba. Ga wasu, sai ana wanka ana goyo yake tsirowa. Ci gaba da ɗora shi a ƙirjinki, fata da fata, kina yi masa magana ko da kina jin bakinki ne kawai ke motsi.

Maganinki na farko barci ne, awa huɗu ko biyar a jere. Ba za ki same shi ke kaɗai ba. Ina ganin babbar hikimar zuwa wankan gida ita ce hannuwa: uwa ta karɓi jariri, ƙanwa ta yi wanki, mai jego ta kwanta. (Ruwan da ya cika zafi da kunun kanwa mai yawa, likitocin zuciya sun daɗe suna gargaɗi a kansu, amma wannan maganar wata rana ce.) Ko arba'in ta wuce, nemi izinin mako biyu a gida, ko a turo miki ƙanwa. Maigida kuma kada ki ce masa "ina cikin damuwa" ki tsaya, maza ba su san abin da za su yi da wannan jimlar ba. Ba shi aiki: "In na shayar da shi bayan isha, ka riƙe shi zuwa sha biyu, kada a tashe ni." Da hantsi ki fito tsakar gida ki sha rana, ki ci abinci ko bakinki ba ya so.

Uwar mijinki ta faɗi abin da aka faɗa mata ne a nata zamanin. Ki girmama ta, amma kada ki sake kai mata wannan maganar. Nemi wani kunnen, yayarki ko ƙawar da ta haihu kafin ke.

Rigakafin yara ana yin sa a mako na shida, na goma da na sha huɗu, ga shi kin kusa na goma. Ranar kada ki miƙa yaro a yi masa allura ki juyo. Tsaya ki ce wa ungozoma ko nas, "Ni ma ba ni da lafiya, kullum sai na yi kuka, ba na barci." Roƙi a auna jininki. A Pakistan, ma'aikatan lafiya mata na ƙauye ne aka horar suna bi gida-gida suna zama da masu ciki da masu jego irinki, abin ya yi aiki har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin, don haka kada ki raina taimakon ƙaramin asibiti. In an ga kina buƙatar magani, akwai waɗanda ake ba mai shayarwa, irin su satiralin. Likita ne zai zaɓa, ban da mai tallan magani a faranti.

Wannan kuma maigida nake so ya karanta. In mai jego ta yi kwanaki ba ta runtsa ba kuma ba ta jin gajiya, ko ta fara jin muryoyi, ko magana ta rikice mata, ko ta ce zuciyarta na raya mata ta cutar da kanta ko jaririn, asibiti za a kai ta a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaron kafin a isa. Mai son yin ruƙiyya ya biyo su can.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa. Ni malamin makaranta ne, shekarata 52. Likita ya ɗora ni a kan maganin damuwa wata uku da suka wuce. Alhamdulillahi na dawo daidai, ina shiga aji, ina cin abinci. Yanzu so nake in daina, don an ce yana kama jiki kamar ƙwaya. Ina kuma tsoron wani ya gan ni a layin asibitin mahaukata ya kai maganar makaranta. Naki, daga Zariya.

AMSA: Malam, barka da arziki, Allah ya ƙara sauƙi. Amma kada ka daina tukuna. Ƙa'idar ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji an warke. Waɗanda na fi gani suna dawo mana a kwance su ne masu ajiye magani a wata na biyu ko na uku don sun ji garau, kuma tashi na biyu ya fi na farko wuya.

Maganin ba ya kama mutum irin kamun tiramadol. Ba ya bugarwa, ba ya sa ƙishirwarsa, ba a kuma ƙara yawansa don neman jin daɗi. Sai dai jiki yana sabawa da shi, shi ya sa in aka yanke rana ɗaya ake samun jiri, tashin zuciya, rashin barci da saurin fushi. Idan lokaci ya yi, likita zai rage maka a cikin makonni. Ga waɗanda suka fara sha yanzu kuma, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ga aikinsa, kada a yar da shi a kwana goma a ce bai yi ba. Wanda kuwa ya ga ya koma ba ya barci sam, ga surutu, ga kashe kuɗi babu lissafi, ya koma wurin likita da wuri, ciwon nasa wani iri ne daban.

Kalmar nan "asibitin mahaukata" na yi shekaru ina faɗa da ita, ga shi har malamin makaranta ya rubuto min ita. A layin nan na ga alƙali, na ga direba, na ga amarya. Wanda ya gan ka a can, shi me ya kai shi? A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta hana a nuna wa mutum wariya saboda irin wannan jinya. In duk da haka layin na damunka, roƙi likitanka ya riƙa rubuta maka na wata biyu ko uku a lokaci guda tunda ka daidaita.

Abu ɗaya za ka yi min tun yanzu da kake da lafiya. Kowa yana da alamun da ciwonsa ke fara sallama da su. Ni in na ga na yi kwana biyu ban ɗaga labule ba, na san lokacin kiran babbar 'yata ya yi. Zauna ka tuna naka, ko farkawar ƙarfe uku na dare ce, ko tara takardun ɗalibai ba a duba ba. Rubuta su a takarda ka ba uwargida ta ajiye, ka kuma tafi da ita ranar da za ku yi maganar rage maganin da likita.